Jan ziri da baƙin zare: taswirar Minard da abin da ta yi shiru a kansa

A ranar 20 ga watan Nuwamba na shekarar 1869, wani dattijo mai shekara 88, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen gina gadoji da magudanan ruwa da tashoshin jiragen ruwa a ƙasar Faransa, ya sa hannu a kan wata takarda a birnin Paris. Sunansa Charles Joseph Minard. Takardar kuwa taswira ce, sai dai ba irin wadda aka saba ratayewa a bangon aji ba, mai nuna iyakoki da duwatsu da manyan birane. Abin da ta zana shi ne yadda rundunar Napoleyon ta narke a ƙasar Rasha a 1812, tun daga ranar da ta ƙetare kogin Niyemen har zuwa ranar da ragowarta ta dawo bakin wannan kogi. Fiye da shekara 150 ke nan ana sake buga ta, ana yabon ta, ana koyar da ita ga ɗaliban ƙididdiga da na aikin jarida, har ta kai matsayin da ba a cika yi mata tambaya ba. Malamin da zai shimfiɗa ta a gaban ɗalibai kuwa, dole ya san abin da ta faɗa da kyau, da abin da ta faɗa rabi, da abin da ta bari a duhu.

Fasalinta ba shi da wuyar bayani. Daga hannun hagu, inda garin Kovno yake a bakin Niyemen, wani ziri mai kauri ya miƙe ya nufi gabas. Minard ya kira launinsa ja, ko da yake a bugun da ake gani yanzu ya fi kama da ruwan ƙasa. Faɗin zirin shi ne yawan sojoji: kowane milimita ɗaya a kan takarda yana a madadin mutum 10.000. A mafari an rubuta 422.000, adadin da ya zarce dukan mazauna birnin Maradi a ƙidayar 2012 nesa ba kusa ba, a takarda kuwa faɗin yatsu biyu ne a haɗe. Zirin yana tafiya yana ramewa: 175.000 a wajen Vitebsk, 145.000 a wajen Smolensk, 100.000 a Mosko. Daga nan launi ya koma baƙi, ya juyo yamma, ramar ta ci gaba: 96.000, 87.000, 55.000, 37.000, 24.000, 20.000. Ya ɗan murmure lokacin da wani reshe mai mutum 30.000 ya sauko daga Polotsk ya haɗu da shi, ya zama 50.000, sai ga kogin Berezina a gabansa. A ƙetaren kogin saura 28.000. Waɗanda suka iso Niyemen daga wannan babban ayari 4.000 ne, aka haɗa su da 6.000 da suka dawo daga arewa, jimla 10.000: silin zare mai kaurin milimita ɗaya, kwance dab da katafaren zirin da ya fita. A ƙasan taswirar akwai wani zane na biyu mai nuna yadda sanyi ya yi ta ƙaruwa a hanyar dawowa, an ɗaure shi da wuraren da abin ya faru da siraran layuka.

Minard ba masanin tarihi ba ne, ba kuma soja ba. An haife shi a Dijon a 1781, ya yi karatun injiniya a makarantar Polytechnique da makarantar gadoji da hanyoyi ta Paris, ya yi aikin gwamnati har ya kai muƙamin babban sufeto, ya ajiye aiki a 1851 yana da shekara 70. Mafi yawan taswirorin da aka san shi da su bayan ajiye aikin ya zana su. Damuwarsa tun fil azal ta mai shimfiɗa hanya ce: ta ina mutane suke bi, ta ina kaya suke bi, nawa ne nauyinsu, ta ina ya dace a ratsa da layin dogo. A 1845 ya zana matafiyan da ke kai da kawowa tsakanin Dijon da Mulhouse, ya sa faɗin kowace hanya ya yi daidai da yawan masu bin ta. Ba shi ne ya fara wannan dabara ba, domin wani hafsan Ingila, Henry Harness, ya yi irin ta a ƙasar Ailan a 1837. Kafin su duka, William Playfair ya mayar da alƙaluman cinikin Ingila layuka da sanduna a 1786, Charles Dupin kuma a 1826 ya shafa wa jihohin Faransa duhu ko haske gwargwadon yawan yaran da ke zuwa makaranta, taswirar da ita ce kakar waɗanda malamai ke gani a rahotannin ma'aikatar ilimi. Amma Minard ne ya riƙe dabarar faɗin ziri, ya yi ta sarrafa ta shekara da shekaru har ta nuna. Duk da haka irin wannan zane da sunan wani injiniya dabam, Sankey, ake kiran sa, saboda wani zanen injin tururi da ya yi a 1898. Wani ya yi noma, wani ya ci suna.

Mai son ganin Minard a cikin gonarsa ta asali sai ya nemi taswirorinsa na auduga. Ya jera hoton duniya sau uku, na 1858 da 1864 da 1865. A na farko, wani ƙaton ziri ya taso daga Amurka ya ratsa teku ya shiga Ingila. A na biyu, yaƙin basasar Amurka ya shaƙe shi ya zama ɗan siriri, na Indiya da na Masar suka kumbura suka cike gurbin. Babu buƙatar dogon sharhi, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Domin ziri ya samu wurin wucewa, Minard ba ya jin nauyin buɗe bakin mashigin teku ko ya matsar da gaɓar ƙasa, kuma bai ɓoye hakan ba, tun da a kan taken yawancin taswirorinsa yakan rubuta cewa na siffantawa ne, na kusantarwa. Ya yi wa giya haka, ya yi wa gawayin ƙasa haka, ya yi wa masu ƙaura na 1858 haka, ciki har da ƴan Afirka da ƴan Indiya da ake kwasa zuwa gonakin rake da sunan ƙwadago.

Wannan tarihi shi ne mabuɗin taswirar 1869. Ma'aunin kaya aka ɗauko aka auna mutane da shi, kuma daga nan ƙarfinta ya fito, daga nan rauninta ma ya fito. Ƙarfin a fili yake. Littattafan da Minard ya dogara da su, na Thiers da Ségur da Fezensac da Chambray, cike suke da manyan hafsoshi, da jarumtaka, da jawabai a kan doki. Shi kuwa ya share wannan duka, ya bar lissafin abin da ya fita da abin da ya dawo, kamar yadda madugu zai ƙirga raƙumansa a ƙarshen tafiya. Sunan Napoleyon kansa bai fito ko sau ɗaya a kan taswirar ba. A zamanin da ɗan ɗan'uwansa, Napoleyon na uku, yake kan karagar mulki, ana kuma kambama sunan gidan ta kowace fuska, wannan shiru magana ce. A shekarar nan ta 1869 Tolstoy ya kammala fitar da babban littafinsa a kan wannan yaƙi, inda ya ƙi yarda cewa manyan mutane ne ke juya tarihi. Marubucin Rasha da injiniyan Faransa sun isa kusan wuri guda, ɗaya da shafuka fiye da dubu, ɗaya da takarda ɗaya tilo. Ba banza ba Étienne-Jules Marey, da ya sake buga taswirar a 1878, ya ga kamar tana ƙalubalantar alƙalamin masu rubuta tarihi, ba banza ba kuma Ba'amurke Edward Tufte a 1983 ya ɗora ta a saman duk zanen ƙididdigar da aka taɓa yi, yana nuna cewa abu shida ta haɗa a shafi ɗaya ba tare da cunkoso ba: yawan sojoji, wurin da suke ta fuska biyu, inda suka dosa, kwanan wata da kuma sanyi.

Wurin da gwanintar ta fi fitowa shi ne Berezina. Tsakanin 26 da 29 ga Nuwamba rundunar ta ƙetare wannan kogi a kan gadoji biyu na katako waɗanda sojojin Janar Éblé suka kafa suna tsaye cikin ruwa mai ƙanƙara, kaɗan ne daga cikinsu suka rayu. Har gobe Bafaranshe idan al'amari ya dagule masa gaba ɗaya yakan ce Berezina ke nan. Minard, mai ginin gada, bai ƙara kalma ɗaya ba. Ya ja siririn layin kogi ya gitta baƙin zirin, a dama da shi 50.000, a hagu 28.000. Duk mai ido zai ga an yanke zirin kamar da wuƙa.

To, sai dai zanen sanyin nan da ake yabo shi ne babban abin tuhuma. Minard ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin hanyar dawowa kaɗai, ya ɗaure shi da baƙin zirin, ta yadda ido ke ganin abu biyu suna gangarawa tare: sanyi yana ƙaruwa, mutane suna raguwa. Kafin hankali ya yi tunani, ido ya riga ya yanke hukunci cewa hunturu ne ya cinye rundunar. Amma idan mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi da alƙaluman Minard ɗin kansa, wani labari zai samu. Daga cikin 422.000, an ware 22.000 zuwa arewa, an ware 60.000 zuwa Polotsk, saura 340.000 a babban ayari. Waɗanda suka shiga Mosko 100.000 ne. Ke nan mutum 240.000 suka salwanta a hanyar zuwa, tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Satumba, lokacin zafi, babu ko ƙwayar dusar ƙanƙara. A hanyar dawowa kuwa, in an haɗa 100.000 da 30.000 da suka shigo daga baya, aka cire 4.000 da suka tsira, abin da ya salwanta 126.000 ne. Hasarar lokacin zafi ta kusa ninka ta lokacin sanyi. Mafi tsananinta ma ta auku ne a makonni biyar na farko, kafin a isa Vitebsk a ƙarshen Yuli, kafin a yi wani babban gumurzu da Rashawa: zafi da ƙura, yunwa, ruwan sha maras kyau, atini, zazzaɓi, dawakai suna faɗuwa dubbai, amalanken abinci sun maƙale a baya, sojoji suna warwatsuwa neman abin sa wa a baki ba sa dawowa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da layi a taswirar. Gaskiya ne dawowar ta fi muni idan kaso aka duba, tun da cikin kowane mutum 100 kimanin 3 ne suka kai, kuma sanyin Disamba ya yi kisa na haƙiƙa. Amma dalili ɗaya tak aka ba wa wuri a shafin, shi ne kuma wanda ba ya ɗora wa kowa laifi.

Abin lura shi ne, wannan bayani na sanyi shi ne ainihin wanda Napoleyon ya so a riƙe. A sanarwarsa ta 29, wadda ya rubuta a Molodechno ranar 3 ga Disamba, kwana biyu kafin ya bar sojojinsa a Smorgoni ya nufi Paris, mafi yawan alhakin ya ɗora wa yanayi, ya kuma rufe da tabbatar wa jama'a cewa lafiyar sarki garau take. Garuruwan nan biyu suna kan taswirar Minard. Mutumin da ya goge sunan sarki daga shafinsa sai ga shi, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya bar wa uzurin sarkin wuri mafi kyau. Ƙasa kuma ta zo ta ba da tata shaidar daga baya. A 2001 masu haƙa a birnin Vilniyus, wanda taswirar ta kira Vilna, suka ci karo da wani ƙaton kabari mai ƙasusuwan mutum fiye da 3.000 na wannan runduna, har da na mata. Binciken da aka wallafa a 2006 ya gano ragowar ƙwarƙwata a cikin ƙasar kabarin, da alamun zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a cikin haƙoran wasu daga cikin mamatan. A 2025 masu bincike na cibiyar Pasteur suka ƙara gano alamun wasu cututtuka biyu, ɗaya dangin taifot ce. Ko a tsakiyar hunturun ma, ashe, ba sanyi kaɗai ke aiki ba.

Ba za a ce fasahar zamanin ce ta gaza ba. Shekara 11 kafin Minard, a 1858, Florence Nightingale ta zana mutuwar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya wata bayan wata, ta raba ta launi uku: shuɗi ga cututtukan da za a iya kauce musu, ja ga raunin fagen fama, baƙi ga sauran dalilai. Shuɗin ya rinjayi jan ƙwarai da gaske, kuma da wannan hoto ta matsa wa hukuma ta gyara tsabtar barikoki da asibitoci. Zanenta bai kai na Minard kyau ba, kwatanta faɗin ɓangarorinsa ma yana wahalar da ido, amma ya amsa tambayar da ta fi muhimmanci: me ya kashe su? Ita tana da rajistar asibiti a hannu, shi kuwa littattafan tunawa na hafsoshi yake da su bayan shekara 57, wannan uzuri ne da ya kamata a yi masa. Uzurin bai hana a ce taswirarsa ta nuna nawa da ina, ta bar me ya sa a hannun zato ba.

Akwai kuma kalma ɗaya a cikin taken da za ta tsayar da duk wanda ya yi niyyar mayar da shi Hausa, ita ce *pertes*. Bafaranshe da ita yake faɗin abin da ɗan kasuwa ya yi hasara, da ita kuma yake faɗin sojojin da aka rasa. Bahaushe ya raba: hasara ta dukiya ce, rashi na rai ne, ana yi wa mai hasara jaje, ana yi wa mai rashi ta'aziyya. Wanne za a zaɓa? Idan aka ce rashi an yi ƙarya, domin ba duk wanda ya fita daga zirin ya mutu ba. Akwai waɗanda aka bari tsaron garuruwa a hanya, akwai marasa lafiya da aka kwantar, akwai waɗanda suka gudu suka koma gida, akwai dubban fursunoni a hannun Rashawa waɗanda wasunsu suka dawo bayan 1814. Idan kuma aka ce hasara, an bi Minard sau da ƙafa, amma an mayar da ɗan Adam dilar auduga. Zirin ba ya bambanta gawa da ɗan gudun soja, ramewarsa iri ɗaya ce. Yawancin masu kallo kuwa, da zarar sun ga baƙin launi, sai su ɗauka mutum 412.000 aka binne. Wannan adadi taswirar ba ta faɗe shi ba, ba ta kuma hana a fahimce shi ba.

Taken ya kuma ce rundunar Faransa. Alhali kusan rabinta, ko fiye, ba Faransawa ba ne: akwai ƴan Polan, da Jamusawa na masarautu dabam-dabam, da ƴan Italiya, da ƴan Holan, da ƴan Suwis, har da ƴan Ispaniya da Fotigal, da yawansu ba da son ransu suka zo ba. Launi ɗaya ya shafe su. Rundunar Ostiriya da ta yi yaƙi ta kudu ƙarƙashin Schwarzenberg ba ta fito ba sam. Amma giɓin da ya fi kowane girma shi ne na masu ƙasa. Ƙasar Rasha a wannan shafi fari ce fat, ƴan koguna da sunayen garuruwa kawai, kamar fili ne da babu kowa wanda baƙi suka zo suka mutu a ciki. A Borodino, ranar 7 ga Satumba, mutum kimanin 70.000 aka kashe ko aka raunata a yini ɗaya, fiye da rabinsu Rashawa ne. A taswira abin da ake gani shi ne zirin ya sauka daga 127.100 zuwa 100.000, nasu kuwa babu ko ɗigo. Gobarar da ta cinye mafi yawan Mosko ba ta nan. Manoman da aka kwashe wa hatsi da dabbobi, aka ƙone wa ƙauyuka, suka shiga hunturu hannu rabbana, su ma ba sa nan. Tausayin da taswirar ke tayarwa na gaske ne, amma duka ya tafi ga wanda ya kawo hari. Mai karatu a Ƙonni ko Lugu, inda ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa a 1899, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan lissafin da ke ƙirga masu tafiya ya manta da garuruwan da suka taka.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Lokaci ba shi da ma'auni a hanyar zuwa, mako biyar ɗin da aka yi zaune a Mosko, daga 14 ga Satumba zuwa 19 ga Oktoba, waɗanda su ne suka jefa dawowar cikin hunturu, ba su ci ko taƙi ɗaya a takarda ba. Adadi irin 127.100 kuma yana ba da kamannin ƙidaya ta ƙwaƙƙwafi a inda kintace kawai ake da shi. A nan ne ya kamata a yaba wa dattijon da abin da masu koyi da shi suka cika mantawa. A cikin ƴan layukan da ke saman taswirar ya ambaci littattafan da ya ɗebo alƙaluma daga ciki, har da kundin da ba a buga ba na wani mai haɗa magunguna na rundunar, Jacob. Ya kuma faɗa ƙarara cewa rundunonin Yarima Jérôme da Marshal Davout, waɗanda aka tura wajen Minsk da Mohilev suka dawo daga baya, ya zana su tamkar ba su taɓa rabuwa da babban ayari ba, domin ido ya fi saurin gane raguwar. Ya karkatar da gaskiya, ya kuma nuna inda ya karkatar da ita. Kalmar taswira ma, wadda Hausa ta aro daga Larabci, asalinta suranta abu ne, wato hoto wanda wani hannu ya yi, ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari. Minard ya san haka sarai. Waɗanda suka mayar da takardarsa tamkar madubi su ne ba su sani ba.

Wani abin da masu sake bugawa suka cika yi shi ne yanke rabin takardar. A asali taswira biyu ce a shafi ɗaya. A sama akwai tafiyar Hanibal, jagoran Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, wanda a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa ya taso daga Ispaniya da mutum sama da 90.000, ya ratsa kudancin Faransa, ya haye duwatsun Alp, ya sauka Italiya da 26.000. Idan aka ga biyun tare, maganar ta wuce ta Napoleyon da Rasha, ta zama ta duk wani jagora da ya ja jama'a zuwa nesa bai tanadi hanyar ciyar da su ba. Idan aka yanke ta sama, an rage wa mai zanen rabin hujjarsa.

Ga malamin da zai kai ta aji, akwai tarkuna biyu na zahiri. Na farko fotokopi: idan aka ƙanƙantar da shafin, maganar milimita ɗaya ga mutum 10.000 ta rushe, idan kuma baƙi da fari aka buga, zuwa da dawowa sukan rikice, sai an bi jan zirin da alli mai launi. Na biyu ma'aunin sanyin: na Réaumur ne, wanda ruwa ke tafasa a digiri 80 a cikinsa, ba na Celsius da ɗalibai suka sani ba. Digiri 30 ƙasa da sifiri da aka rubuta a ranar 6 ga Disamba daidai yake da 37 da rabi a ma'aunin yau, 21 na ranar 14 ga Nuwamba kuma ya haura 26 kaɗan. Darasin da ya fi amfani kuwa shi ne a bar ɗalibai su fara faɗin abin da idonsu ya gaya musu, wanda kusan kullum sanyi ne, sannan a ba su alƙaluman su yi ɗebewa da kansu, su ga 240.000 ta fito a hannu ɗaya, 126.000 a ɗayan. Daga nan sai a tambaye su wa ya ɓace daga shafin.

Wata takwas bayan an sa wa taswirar hannu, a Yuli na 1870, Faransa ta shiga yaƙi da Furusiya. A farkon Satumba aka kama Napoleyon na uku a Sedan. Minard, wanda ya taɓa zama cikin birnin da aka yi wa ƙawanya a Anvers a ƙarshen mulkin Napoleyon na farko, bai jira ya ga ta biyu ba: yana da shekara 89, ya bar littattafansa da takardunsa a Paris ya nufi Bordeaux kwanaki kaɗan kafin Jamusawa su rufe hanyoyin birnin. A can ya rasu ranar 24 ga Oktoba 1870, Paris tana cikin ƙawanya.